Kafin Ka Sayi Tsohuwar Sanda, Fara Duba Gindinta

A Bauchi yanzu da zarar an yi wa mutum naɗi, ko ya ajiye babban muƙami, sai ka gan shi ranar Juma'a riƙe da baƙar sanda mai zobe a wuya, alhali ƙafarsa lafiya lau. Ban ga laifinsa ba, ni ma tun ina koyarwa nake tara sanduna. Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin waɗanda ake sayar wa manyan nan da sunan na kaka da kakanni ba su girmi jikokinsu ba.

Da farko ka cire sandar girma daga ranka. Tun bayan da Turawa suka ci Bauchi a 1902 ta zama shaidar da gwamnati ke tabbatar da sarki da ita, yau kuma gwamna ke miƙa ta. Kayan sarauta ce, ba ta shiga rabon gado balle kasuwa. Dillalin da ya raɗa maka cewa, “Alhaji, wannan daga fada ta fito,” ko maƙaryaci ne ko mai karɓar kayan sata.

Idan an miƙo maka sanda, ido zai tafi kan adon da ke samanta. Kai kuwa juya ta, ka dubi inda take taɓa ƙasa. Sandar da aka yi shekaru ana dogarawa tana cinyewa ta gefe ɗaya, gwargwadon takun mai ita, ko da an sa mata ƙarfe a gindi. Wadda aka goge da samfefa don ta yi kama da tsohuwa, za ka ga cin ya zagaye ta daidai wa daida. Sai ka koma mariƙinta. Gumi da maiƙon hannu suna sa wurin da tafi ke zama ya yi santsi da sheƙi, sassaƙar wurin ta dushe, amma cikin ramukan zanen da yatsa ba ya kaiwa yana nan da kaifinsa da tsohuwar dauɗa. In ka ga ta dushe ko'ina bai ɗaya, ba hannu ne ya yi wannan aikin ba.

Baƙi ba shi ne tsufa ba. Masu dabara suna shafa wa farin itace man takalmi na Kiwi, wasu su turara shi da hayaƙi. Ka riƙa yawo da farin ƙyalle, ka ɗan jiƙa shi da kananzir, ka nemi izinin mai kaya ka goga a wurin da ba ya nunawa. In ƙyallen ya fito baƙi ƙirin, ka yi masa godiya ka wuce. Ɗaga ta kuma ka ji nauyinta. Kirya da kanya da marke itatuwa ne masu nauyi da tauri, madobiya tana da ja-ja mai duhu da jijiyoyi masu kyau, gora kuwa ba ta da nauyi kuma gaɓoɓinta a fili suke. Aikin masassaƙi na da yana ɗauke da sawun gizago da wuƙa, layukan ba su miƙe sak ba. Na inji sumul yake, kuma in ka leƙa ƙarƙashin tebur ɗin dillalin za ka iya tarar da tagwayenta.

Akwai kuma na Turawa da suka rage a hannun tsofaffin ma'aikatan En'e da 'ya'yansu. Da yawansu kwagiri ne na Malaka, wani irin itace mai kama da gora da ake kawowa daga kudu maso gabashin Asiya, kalar zuma, mara nauyi amma mai ƙarfi. Waɗannan sun fi sauƙin tantancewa, domin maƙeran Ingila suna buga hatimi a jikin azurfa. Samo gilashin ƙara girma ka duba zoben. Ɗan zaki mai tafiya yana nufin azurfa ce mai kashi 925 cikin 1000. Anka ta jirgin ruwa tana nufin an tantance ta a Birmingham, kan damisa kuma Landan, sannan akwai harafi guda da ke nuna shekarar. In ka ga EPNS, ruwan azurfa kawai aka shafa wa wani ƙarfe, kada ka biya kuɗin azurfa.

Farin mariƙi shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami. Hauren giwa na gaskiya yana da ƙananan layuka masu gittawa da juna idan ka dubi inda aka yanke shi. Ƙashi yana da ɗigo-ɗigon baƙaƙen ramuka. Roba ba ta da ko ɗaya, kuma ba ta da sanyi a hannu. Na faɗi wannan ne don ka gane shi ka kauce masa. Tun 1989 yarjejeniyar CITES ta duniya, mai kula da cinikin namun daji, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, a Janairun 2024 ma gwamnati ta niƙe tan 2.5 na haure a Abuja. Mu da 'yan giwayen da suka rage mana suke nan Yankari, kunya ce a ga haure a hannunmu.

Wata doka kuma da 'yan kasuwa ba sa son ambato: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bikin gargajiya kuma yake da muhimmancin tarihi, a matsayin kayan tarihi. Ba kowa aka yarda ya saya ba, kuma ba ya fita waje sai da takardar izini. Saboda haka ni na fi neman na bayan wannan lokaci, daga hannun iyalan masu su. Ina zuwa da wanda ya san gidan, in gaida dattijon da ke nan, in tambaya: “Baba, wa ya riƙe ta, wa ya sassaƙa ta, kowa a cikin magada ya yarda a sayar?” In akwai tsohon hoton mai ita riƙe da ita, ina roƙon a bar ni in ɗauka da waya. Duk abin da aka faɗa mini ina rubutawa a ɗaure a wuyan sandar, don wannan takardar takan fi zoben daraja idan an zo sayarwa.

Wadda ke da takobi a ciki, bar ta inda ka gan ta, sai dai in kana son dogon bayani a shingen 'yan sanda.

Ajiya kuma, ka tuna abin da Suratu Saba ta faɗa game da sandar Annabi Sulaiman (AS). Gara ba ta san darajar kowa ba. Kada ka jingine sanda a ƙasa cikin lungu, rataye ta ko ka kwantar da ita a kan katako nesa da bango mai laima. Idan ka ga gari-gari yana zuba daga ƙananan huji, ƙwaro na ciki, ware ta daga sauran nan take. Hunturunmu yana tsaga itace, don haka kafin Nuwamba nakan shafa musu kakin zuma kaɗan in goge da tsumma mai laushi. Man gyaɗa yana wari yana kiran tururuwa. Fenti da man ƙyallin kafintoci kuwa suna binne duk shaidar tsufan da ka biya kuɗi dominta.

In da gaske dogarawa za ka yi, tsaya da takalmi, ka saki hannu: mariƙin ya zo daidai wuyan hannunka. Tsohuwar da ta fi haka tsawo kada ka kai ta a yanke. Je kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ka sayi sabuwa mai roba a gindi don hawa tayil ɗin masallaci.