Yadda ake tsara dokoki da lissafin maki a gasar yaƙin 'yan mutum-mutumi na kan tebur

Wasan nan dai mutum biyu ne suke zama a gefen tebur, kowa da rundunarsa ta ƙananan mutum-mutumi na roba ko na ƙarfe da ya haɗa da gam ya yi musu fenti da hannunsa, akwai mahaya dawakai, maharba, matsafa, dodanni masu fiffike, sai a riƙa matsar da su ana awo da tef, ana jefa dayis irin na ludo don a ga wa ya sari wa. Cibiyar abin tana Nottingham a Ingila. Can ne hedikwatar Games Workshop, kamfanin da ya fito da wasan Warhammer a 1983 sannan Age of Sigmar a 2015, kuma a garin dai Mantic Games yake, masu wasan Kings of War. Wasa tsakanin abokai ba ya buƙatar wani dogon tsari, amma da zarar an ce gasa, an tara mutum goma sha shida a zaure ɗaya kowa yana hangen kofi, to fa sai da doka a rubuce. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko, ka zaɓi wasa ɗaya da girman runduna

Kar ka ce kowa ya zo da abin da yake da shi. Ka faɗi sunan wasan, ka faɗi bugun littafin dokokin da za a bi, domin kamfanonin nan suna yawan gyara dokoki, ka kuma sa ranar da aka rufe, duk gyaran da ya fito bayan ranar babu ruwan gasarku da shi. Kowane rukunin soja yana da farashinsa na maki a littafi, kai kuma za ka ce kowa ya haɗa rundunar da ba ta wuce maki kaza ba. 2000 shi ne aka fi sabawa da shi a Age of Sigmar, a Kings of War kuma za ka ga 2000 ko 2300. In yawancin mutanenka sababbi ne ka sauko 1000, wasa zai yi sauri kuma ba sai mutum ya kashe kuɗi da yawa ba kafin ya shiga.

Ni in gasar farko ce Kings of War nake ba mutum shawara. Dalili, wanda yake da juyi shi kaɗai ke jefa dayis, ɗayan kallo ne nasa har a zo kansa, saboda haka agogon auna lokacin kowane ɗan wasa yana aiki da shi sosai, kuma ba a cire sojoji ɗaya-ɗaya, rukuni ne gaba ɗaya yake tsaye ko ya watse. Misalan da zan kawo a ƙasa da shi zan yi, a kan maki 2000.

Mataki na biyu, takardar gasa

Wannan ita ce uwar komai. Shafi biyu ko uku sun isa, amma ta fita aƙalla wata guda kafin ranar. A ciki a samu wuri da lokaci, kuɗin rajista da abin da za a yi da shi, girman runduna, yawan zagaye, irin fafatawar da za a yi a kowane zagaye, yadda ake lissafin maki, yadda ake raba gardama in maki ya zo ɗaya, da sunan wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Batun kuɗin rajista ka fayyace shi ƙarara, na hayar zaure ne da abinci da kofi, kar a tara kuɗin mutane a miƙa wa wanda ya ci, wasan da ake jefa dayis a ciki bai kamata a bar ƙofar da za a ce caca ake ba.

Ka ce kowa ya turo jerin rundunarsa mako guda kafin gasa, ka zauna ka duba lissafin ɗaya bayan ɗaya, don ana samun wanda ya zarce da maki 15 ko 20 ba da gangan ba. Ranar gasa kowa ya zo da kwafi a buga, ya nuna wa abokin karawarsa kafin a fara. Sannan abin da ke kan tebur ya dace da abin da ke takarda, in ka rubuta maharba to a ga masu baka, ba masu gatari ba. A gasannin da Games Workshop ke yi a Warhammer World, zauren wasanninsu da ke Nottingham, kayansu kaɗai ake yarda da su, a Kings of War kuwa galibi an fi sassauci, abin da ake dubawa shi ne faɗin gindin da rukunin ke tsaye a kai ya zama daidai da na littafi.

Mataki na uku, tebura da lokaci

Teburin Kings of War ƙafa 6 ne da ƙafa 4, na Age of Sigmar inci 60 da 44. Mutum 16 tebur 8 kenan. Kai mai shiryawa kai za ka jera tuddai da dazuzzuka da gine-gine tun kafin mutane su iso, ka yi ƙoƙari kar ɓangare ɗaya ya fi ɗaya samun mafaka, kuma ka hana a matsar da su. Ka sa wa kowane tebur lamba.

Gasar yini ɗaya zagaye uku ce, ta kwana biyu biyar. Ka ba kowane ɗan wasa awa ɗaya a agogon ches, irin mai fuska biyu ɗin nan da in ka gama juyinka ka danna sai na abokinka ya fara tafiya, akwai ma manhajarsa a waya kyauta, zagaye ya zama awa biyu da kwata har da jera sojoji. Wanda lokacinsa ya ƙare ya ajiye dayis, ba zai ƙara matsar da komai ba, ɗayan ya ƙarasa nasa. Age of Sigmar ya fi cin lokaci, ka ware kusan awa uku. Hutun abinci da na sallah su shiga cikin jadawalin tun farko, ba a tsakiyar wasa a fara neman alfarma ba.

Mataki na huɗu, makin, nan ne aikin yake

Yadda ka tsara maki haka mutane za su yi wasa. In ka ce kisa kawai ake ƙirgawa, kowa zai kawo dodanni da manyan bindigogi ya laɓe a kusurwa yana harbi. In ka ce kama wuri ake ƙirgawa dole mutum ya fito tsakiyar fili. Shi ya sa kowane zagaye ake sa masa manufarsa daga littafi, wannan a kama alamomin da aka ajiye a fili, wancan a kutsa cikin yankin abokin gaba, na uku a mamaye tsakiya, kuma wanda ya cika manufar shi ya ci ko da an kashe masa sojoji fiye da yadda ya kashe.

Akwai tsohon tsari da ake kira 20-0 wanda 'yan Warhammer suka daɗe suna amfani da shi. Maki 20 ne ake rabawa tsakanin mutum biyu gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, in an yi kankankan 10-10, in an ɗan fi 13-7, in an yi kaca-kaca 20-0. Yana da kyau wajen nuna girman nasara, sai dai matsalarsa babba ce a ƙaramar gasa. Ɗauki wanda ya haɗu da sababbi biyu ya yi musu 20 da 20, sannan aka doke shi ya samu 8, jimla 48. Wani kuma ya ci wasa uku duka da ƙwararru, 13 sau uku, 39. Wanda ba a doke shi ko sau ɗaya ba ya koma ƙasa kenan, kuma tsarin yana koya wa mutane su murƙushe sabon shiga har ƙarshe babu tausayi, shi kuwa sabon ba lallai ya sake dawowa ba. Gaskiya wannan abin yana damuna.

Ga wanda nake ganin ya fi. Nasara maki 15, canjaras 10, faɗuwa 5. Sannan ƙarin maki ɗaya a kan kowane 500 na farashin rundunar abokin gaba da ka watsa, iyaka 4. Mai nasara zai tashi da 15 zuwa 19, mai canjaras 10 zuwa 14, wanda ya faɗi 5 zuwa 9, ka ga a wasa ɗaya babu yadda za a yi na ƙasa ya kamo na sama. Misali mai rundunar Dwarf, wato gajerun mayaƙa, ya kama alamomi uku cikin biyar, ya watsa rukunan da farashinsu ya kai 1150, to 15 da 2, 17. Mai rundunar Orc, wasu irin dodanni, ya faɗi amma ya watsa na 1620, 5 da 3, 8. Amfanin ƙarin nan shi ne wanda ya ga wasa ya kuɓuce masa a juyi na huɗu yana da dalilin ci gaba da faɗa har juyi na shida, ba zai tattara kayansa ba.

Amma ka ɗauki kalkuleta ka gwada tsarin kafin ka buga shi. Ko a wannan ɗin, mai nasara biyu da faɗuwa ɗaya zai iya kai 19 da 19 da 9, wato 47, alhali mai nasara uku da bai yi kisa ba yana da 45. Da wuya ya faru amma zai iya. Maganinsa layi ɗaya ne a takarda: ana jera mutane da yawan nasara tukuna, sannan jimlar maki. In har yanzu biyu sun yi daidai a duba ainihin adadin abin da kowa ya watsa a duk wasanninsa, in an sake yin daidai a duba ƙarfin waɗanda ya kara da su, wato a tara makinsu, wanda abokan karawarsa suka fi maki shi ne a sama.

Ka kuma rubuta hukuncin wanda ya miƙa wuya ya tashi, sifili gare shi, abokinsa ya ɗauki 19. Wanda ya makara fiye da minti 15 an cinye shi. In adadin mutane mara ne, wanda ya rasa abokin karawa a ba shi 15, ko mafi kyau ka tanadi mutum ɗaya da runduna a gefe wanda zai cike gurbi, don babu wanda ya yi doguwar tafiya don ya zauna yana kallo.

Mataki na biyar, wa zai kara da wa

Ba a fitar da kowa, kowa zai buga duk zagayen. Tsarin Suwis ake bi, wanda ya samo asali daga gasar ches a Zurich a 1895. Zagayen farko ƙuri'a, sai dai ka raba abokan da kullum tare suke wasa. Daga na biyu na ɗaya ya kara da na biyu a tebur na 1, na uku da na huɗu a tebur na 2, haka har ƙasa, kuma mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu, in ta faɗo haka ka musanya da na kusa. In babu canjaras, zagaye uku suna fitar da mutum ɗaya tak da ba a doke ba cikin mutum 8, mutum 16 sai huɗu, 32 sai biyar, saboda haka in kana da 16 a yini ɗaya ka san mutum biyu za su iya gamawa da nasara uku-uku, dokar raba gardamar can ce za ta yi aiki. Akwai manhaja irin Best Coast Pairings da ke yin haɗin, amma Excel ma ya wadatar. Kowane tebur a ba su 'yar takardar sakamako, su cike tare, su biyun su sa hannu, bayan sa hannu babu gyara.

Mataki na shida, fenti da ladabi

Wasu gasannin suna zuba makin fenti da na kyawun hali cikin jimlar gaba ɗaya. Ni ban goyi bayan haka ba, a raba su, kofin gwarzon fili daban, na gwanin fenti daban, na mai kyawun hali daban. Fenti ka sa mafi ƙarancin sharaɗi, kala uku a jikin kowane soja da gindin da aka gyara, sannan lokacin hutun rana kowa ya jera rundunarsa a tebur mutane su zagaya su jefa ƙuri'a, ban da zaɓen kai. Na hali kuwa kar ka ce a ba juna maki bayan kowane wasa, wanda aka doke yana cikin zafi zai iya ramawa da biro. A bari sai an gama duka, kowa ya rubuta sunan mutum ɗaya da ya fi jin daɗin wasa da shi, a asirce.

Mataki na bakwai, alƙali da ƙananan rigingimu

Alƙalin wasa in da hali kar ya shiga gasar. In gardama ta tashi a tsayar da agogo, su biyun su buɗe littafi, in minti biyu ta wuce ba su daidaita ba a kira shi, abin da ya yanke ya zauna har ƙarshen wasan ko da daga baya aka gano akwai wata fahimtar. Kafin zagayen farko ka tara kowa minti biyar ka faɗi ƙananan abubuwan da ke haddasa hayaniya. Dayis ɗin da ya faɗi ƙasa ko ya jingina da tudu a sake jefa shi. Dayis a jefa a fili inda ɗayan ke gani, kuma kar a kwashe kafin ya gani. In za ka kai hari kuma tazarar tana kan gaɓa, ku auna tare ku yarda kafin ka taɓa rukunin, domin da zarar an ɗaga shi babu mai iya mayar da shi daidai inda yake. 'Yan kallo su yi shiru, in sun ga kuskure alƙali za su gaya wa. Mai jan lokaci da gangan gargaɗi ɗaya, na biyu a cire masa maki 3, wanda aka kama da maguɗi kuwa ya fita daga gasar.

In an gama zagayen ƙarshe kar ka yi gaggawar kiran sunaye. Ka sa wani ya sake tara makin daga takardun da aka sa wa hannu, ku gwada da naka, sannan a ba da kofuna, a liƙa cikakken jadawalin daga na ɗaya har na ƙarshe a tura wa kowa a daren, tare da jerin rundunonin mutum ukun farko.