Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen nazarin alƙaluman bincike

Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantun Sakkwato sukan iso babin nazarin alƙaluma a aikin bincikensu, kuma a nan ne aikin da aka sha wahala a kansa yake yawan lalacewa. Manhajojin kwamfuta irin su SPSS ko Excel suna yin lissafi cikin ƙiftawar ido, sai dai duk abin da aka zuba wa kwamfuta amsa za ta bayar, ko da tambayar ba ta dace ba.

Kuskuren da ya fi muni tun wajen zaɓen waɗanda za a yi wa tambayoyi yake farawa. Ɗalibi zai rubuta cewa bincikensa ya shafi Jihar Sakkwato, mai ƙananan hukumomi 23 da mutane kimanin miliyan 3.7 a ƙidayar 2006, amma sai ya raba takardun tambayoyinsa ga abokan karatunsa da maƙwabtansa a Mabera ko Runjin Sambo. Gaskiya ne cewa ƙa'idar Taro Yamane, wadda ɗalibai suke yawan dogara da ita wajen ƙididdige yawan mutanen da za a yi wa tambayoyi, tana ba da kusan mutum 400 idan jama'a suna da yawa, amma mutum 400 da aka tsinto a unguwa ɗaya ba za su wakilci manomin Goronyo ko ɗan kasuwar Illela ba. Gyaran shi ne a taƙaita taken binciken zuwa inda aka taka da ƙafa, ko kuma a kasa jihar rukuni-rukuni, a zaɓi mutane daga kowane rukuni ta hanyar ƙuri'a.

Sai batun matsakaici. A ce manoma biyar a Wurno sun girbi buhunan albasa 10, 12, 15, 18 da 200. Idan aka haɗa aka raba biyar, 51 za a samu, alhali huɗu daga cikinsu ko 20 ba su kai ba. Mai buhu 200 shi kaɗai ya ja lissafin sama. A irin wannan hali, a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya, wato 15, domin ita ce ta fi nuna halin da yawancin manoman suke ciki. Kuɗin shiga da farashi kusan kullum haka suke, don haka a riƙa duban su da kyau kafin a raba.

Akwai kuma gaggawar ɗaukar abubuwa biyu da suka tashi tare a matsayin ɗaya ne ya haddasa ɗayan. A watannin zafi cinikin ƙanƙara yana ƙaruwa, cutar sanƙarau ma tana ƙaruwa, amma ba ƙanƙarar ce ke kawo ta ba. Yanayin rani ne ya haɗa su. Kafin a rubuta cewa wannan ya jawo wancan, a nemi abu na uku da zai iya tafiyar da su duka.

Wajen kaso ma ana zamewa. Idan adadi ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 15 cikin 100, maki biyar ya ƙaru, amma idan aka gwada da inda ya faro, ƙarin rabi ne cur. Haka nan, cewa kashi 60 sun amince ba ta gamsar da mai karatu idan mutum biyar kacal aka tambaya, saboda haka kowane kaso da aka rubuta a jadawali a sanya adadin mutanen da suka amsa a gefensa.