Yadda ɗalibi zai mallaki kalmar Ingilishi kafin jarrabawa

Ɗaliban makarantun Faransanci na Garwa, Marwa da Ngaundere a ƙasar Kamaru suna rubuta takardar Ingilishi a jarrabawoyin sakandare na BEPC, da Probatoire, da Baccalauréat, kuma da yawansu kan jera kalmomi a littafi, kowace da fassararta a gefe, su yi ta hadda. Wannan hanya ba ta kai mutum gaci, domin mai gyaran takarda yana so ya ga an ajiye kalma a gurbinta, cikin siga mai dacewa, tare da kalmomin da ta saba tafiya da su.

Mu gwada da kalmar "attend". Abu na farko, kada kamanninta ya ruɗe ka. Idon da ya saba da Faransanci zai hango "attendre" nan take, ya zaci ana nufin jira, alhali kuwa ma'anar "attend" halarta ce. Kamannin yana da asali, domin bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da shari'a, kalmominsa masu ɗimbin yawa suka shiga Ingilishi, waɗansu suka riƙe ma'anarsu, waɗansu kuma suka sauya hanya. Saboda haka duk kalmar da ta yi maka kama da wadda ka sani, ita ce ta fi cancanta ka bincika.

Ka buɗe ƙamus na masu koyo wanda yake bayani da Ingilishi zalla, irin na Oxford ko na Cambridge, waɗanda ake dubawa kyauta a intanet ta waya. Kada ka tsaya a ma'anar farko. Ka karanta misalan duka, ka saurari furucin, za ka ji cewa nauyin murya yana kan gaɓa ta biyu.

A cikin misalan nan ne ainihin darasin yake. Za ka lura cewa idan ana nufin halarta, babu abin da yake shiga tsakanin aikatau da wurin da aka halarta: "She attended the meeting." Ɗalibin da yake tunani da Faransanci kuwa, "assister à" ce take zuwa masa, sai ya rubuta "I assisted to the meeting", ya yi kuskure biyu a jimla guda, tunda "assist" taimako take nufi, "to" ɗin kuma ba ta da gurbi a nan. Amma da zarar an ce "attend to", ma'ana ta koma kulawa, kamar a "The nurse attends to the patients." A ganina, ɗalibin da ya riƙe wannan bambanci ya fi wanda ya haddace kalmomi ashirin bai san inda ake saka su ba.

Daga nan ka rubuta danginta a shafi ɗaya: "attendance", wato halarta ko adadin mahalarta, da "attendant", mai hidima, da "attentive", mai mai da hankali. Sashen kalmomi na jarrabawa yakan ba da tushen kalma ya nemi a fitar da sigar da ta dace da jimla, don haka wannan shafi zai yi maka rana.

Sai ka gina jimloli biyu ko uku daga rayuwarka, misali game da makarantar da ƙanenka yake zuwa ko ɗaurin auren da ka halarta, ka kai wa malaminka ya duba tun kuskure bai zauna maka a ka ba.

Saura bita. Tun 1885 Bajamushen masani Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, abin da duk wanda ya wanke allo ya sani, tunda hadda ba ta zama sai da tilawa. Ka koma kan kalmar washegari, da bayan kwana 3, da bayan mako, sannan bayan wata, kuma kowane karo ka rufe littafin ka faɗi sabuwar jimla da ka kafin ka duba. Kalmomi 5 a rana sun wadatar, musamman idan daga tsofaffin takardun jarrabawa ka tsamo su. A zauren jarrabawa kuwa, idan ka zo rubuta insha'i kana shakkar wata kalma, ka ajiye ta ka ɗauki mai sauƙi wadda ka riga ka gwada a jimla.