Kalmar "bright" ba haske kaɗai take nufi ba

'Yan uwa masu koyon Turanci, kafin ku fassara "bright", ku fara duba sunan da ta raka. Asalinta daga tsohon Turancin Ingila ne, "beorht", wato abu mai walƙiya, kuma tushe ɗaya suke da ƙarshen sunaye irin su Robert da Albert. Amma yau ta yi rassa. In malami ya rubuta a katin sakamako cewa ɗanka "bright" ne, ba hasken fatarsa yake nufi ba, kaifin basirarsa yake yabawa, don haka ka yi masa barka. In riga ce, launinta ne mai ɗaukar ido, irin jan atamfa sabuwa fil. In kuwa makomar mutum ake magana, to ana hango masa alheri ne a gaba.