Yadda ake cire furotin daga roba, da inda hakan ya cancanci kuɗinsa

Ruwan da ke ɗiga daga bishiyar roba idan an tsage ta fari ne kamar madara. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai roba, mafi yawan sauran ruwa ne, sai ɗan furotin da bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Ɗan mitsitsin nan shi ne ke sa wasu ma'aikatan asibiti ƙaiƙayi da borin jini idan sun sa safar hannu ta roba, wani ma numfashinsa ya sarƙe. Shi ne kuma ke jawo danshi cikin roba, ya sa ta riƙa saki a hankali idan nauyi ya daɗe a kanta. Mu da ke haɗa roba a masana'anta, wannan na biyun ya fi damunmu.

Fara da ɗanyen ruwan roba na ranar. Dunƙulen da ya riga ya daskare a kofin tara ruwa, irin wanda ƙananan manoma a Edo da Delta suka fi sayarwa, ba zai yi ba, domin furotin ya riga ya kulle a ciki. Zuba amoniya tun a gona, in ba haka ba cikin 'yan sa'o'i zai tsinke ya yi tsami.

Hanyar da Malesiya ta yi suna a kanta ita ce ta enzayim, wato sinadarin da ke yayyanka furotin har ya narke a ruwa. Sabulun masana'anta ake fara sa wa a tanki don kada ruwan ya daskare, sannan enzayim ya biyo, a bar shi kimanin kwana uku. Daga nan a tsinka shi da ruwa mai yawa, a daskarar da shi da tururi, a bi da shi ta injin matsa ana feshin ruwa, a marmasa, a busar da iska mai zafi. Wankin nan shi ne rabin aikin. Wanda ya yi rowar ruwa, furotin da ya sha wahalar narkarwa zai koma ya bushe a jikin robar. A Siri Lanka an yi amfani da enzayim da ake samu daga farin ruwan ɗanyar gwanda.

Akwai kuma hanyar Farfesa Seiichi Kawahara na jami'ar fasaha ta Nagaoka a Japan: yuriya, wadda muka sani a taki, kashi 0.1 cikin ɗari tare da sabulu, a juya na sa'a guda ba tare da an ɗumama ba, sai a wanke a injin tacewa mai tsananin juyi sau biyu ko uku. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma fa sai kana da injin.

Kada ka ɗauki farin launi shaidar cewa furotin ya fita. Naitirojin ake aunawa a ɗakin gwaji ta hanyar Kjeldahl, a ninka da 6.25 a sami kimar furotin. Robar kasuwa an yarda naitirojin ɗinta ya kai kashi 0.6 cikin ɗari, tatacciyar Malesiya kuwa, wadda ake sayarwa da sunan Pureprena, ba ta wuce 0.12. In saya za ka yi, ka nemi takardar gwajin kowane kaya da ya iso.

To, ga inda sababbin shiga ke tuntuɓe. Abin da ka wanke ya tafi ba zaman banza yake yi ba. A cikinsa akwai abin da ke kare roba daga tsufa, akwai mai hanzarta nunarta, wato yin ƙwarinta, idan ana gasa ta da farar wuta. Idan ka ɗauko tsohon ma'aunin haɗinka ka ɗora wa tatacciyar roba, za ta yi jinkirin nuna, zafi kuma ya yi saurin cin ta. Ƙara maganin tsufa, sake auna sinadarin hanzarta gashi, ka gasa ɗan gwaji kafin ka cika inji. Ni nakan kuma zaɓi sinadaran da ke narkewa sarai a cikin roba, domin babu ma'ana ka biya kuɗin tsabta sannan ka cusa garin da zai sake jan danshi. Ajiyarta ma a inuwa, kuma kada ta daɗe a sito.

Wurin da take biyan kuɗinta shi ne inda roba za ta shekara da shekaru ƙarƙashin nauyi ko cikin ruwa: robar da injin mota ke zaune a kanta, matashin da ake sa wa tsakanin gada da ginshiƙinta, robar toshe mahaɗar bututu, kayan aikin ƙarƙashin teku, da rufin kayan lantarki, tunda robar da ba ta shan ruwa ta fi tare wutar lantarki. Tayar mota, silifa ko tabarmar mota kuwa, ɓarnar kuɗi ce.

Safar hannu lissafinta daban. Masu yin ta sukan rage furotin a lokacin da ake yin ta, su jiƙa safar a ruwan zafi kafin gashi da bayansa, su wanke ta da kulorin. Hoda ma an guje ta, domin takan kwashi furotin ta tashi da shi a iska. Amurka ta haramta safar asibiti mai hoda a Janairun 2017. Duk da haka ragewa aka yi, ba a kawar ba. Wanda likita ya tabbatar jikinsa ba ya son robar bishiya, a ba shi safar naitiril, wato robar da ake haɗawa da sinadarai, ba ta bishiya ba.