In kana son zama joki, ga ta inda za ka fara

Duk bayan Sallah sai ka ga samari a Bauchi da Gombe sun taso wai su joki za su zama, wato mahayin dokin tsere, don kawai sun hau doki ranar hawa sun yi zamiya a ƙofar fada mutane sun yi tafi. Ƙanina, hawan Sallah daban, sukuwa daban. Can ado ne, babban sirdi da jalala da rawani, nan kuma ɗan sirdi ne kamar faifai, likkafa a ɗage, doki na gudu iya ƙarfinsa kai kuma kana tsugune a kansa ko zama ba ka yi ba.

Farko kam ka nemi barga. Ka je wajen mai dawakai a unguwarku ko cikin barorin fada da ke kula da dawaki, ka gaida shi da ladabi, ka ce baba ina so in riƙa taya ku aiki, kar ma ka ambaci hawa tukun. Za a ba ka shara da kwashe kashi, ɗebo ruwa, yanka harawa, jiƙa dusa da kanwa, wanka da goge jiki, kuma wallahi a nan ake sanin doki, don wanda ke ba shi abinci da asuba shi ke fara gane yau bai cinye ba, ko yana ɗan ɗage ƙafar gaba in ya tsaya, ko kunnensa ya kwanta baya alamar ransa a ɓace. Frankie Dettori da ake ta ji, ɗan Italiya, an haife shi 1970 a Milan, babansa ma babban joki ne amma hakan bai hana a tura shi Newmarket ta Ingila yana ɗan shekara 14 ba, wajen mai horar da dawaki Luca Cumani, aikin barga ya fara yi. Shi ne fa ranar 28 ga Satumba 1996 ya cinye tsere bakwai cif da aka yi a filin Ascot rana ɗaya.

In sun yarda da kai za su fara ba ka kilisa. Ka karɓi tsohon doki mai sanyin hali, kar ka ce sai ingarman nan mai cizo don a ce ka iya. Kafin ka hau ka sa yatsu biyu ƙarƙashin majayi ka ji ya kama, in kun ɗan taka ka sauka ka sake ja, saboda doki na kumbura ciki lokacin ɗauri sai an fara tafiya ya saki, sirdi ya juya da kai. Hular kwano dole, ko ta mashin ce ka sa kafin ka samu ta gaske, masu dariya ba su za su kwanta asibiti ba.

Sai hannu, kuma nan ne ake raba joki da mahayi kawai. Linzamin gargajiya namu mai kaifi ne, ɗan ja kaɗan doki ya tsaya cak, to yaro da ya saba da shi sai ya zo sukuwa yana fizgar baki, dokin ya ɓata rabin ƙarfinsa wajen faɗa da kai. Ka koyi riƙe ragama da hannu biyu a kan wuya, riƙo ɗaya ba ja ba saki, ka bar kansa yana tafiya gaba da baya hannunka na bin sa. Likkafa kuma kar ka ɗage ta lokaci guda, rami ɗaya-ɗaya, har cinyarka ta saba ɗaukar nauyinka. In ba ka iya tsuguno a ƙasa na minti biyu ba ka motsa ba to ba ka shirya ba, ka riƙa gudu da safe kana hawa keke. Bulala ita ce ta ƙarshe, ni kam in na ga yaro na zabga ta tun daga tashi na san ba shi da dabara.

Maganar nauyi ba wasa. Lester Piggott, Baturen Ingila da ya rasu 2022, tsayinsa wajen mita 1.73, dogo ne sosai a jokaye, amma ya riƙe kansa a kusan kilo 53 shekara da shekaru, da yunwa ya yi wannan. Ya ci tserensa na farko 1948 yana ɗan shekara 12, ya ci Derby ta Epsom, babban tseren dawakin Ingila, sau 9, ta farko 1954 a kan Never Say Die. Ba cewa nake ka kashe kanka da yunwa ba, amma ka hau sikeli duk sati, tuwon dare da lemon kwalba ka rage, kuma kar wani ya ruɗe ka da ƙwayar ramewa ko hana kanka ruwa a zafin Gombe na watan Maris, jiri a kan doki mai gudu ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ranar tsere ka je da wuri ka taka filin da ƙafarka, ka ga ina yashi ya yi zurfi, ina ƙasa ta yi tauri, kwana ta yaya take. Ka tambayi mai doki, Alhaji wannan gaba yake so ko a riƙe shi sai ƙarshe? don wani dokin in ƙura ta bugi fuskarsa shi kenan ya karaya. Kuma ku gama maganar kuɗi kafin ka sa ƙafa a likkafa, nawa ne kuɗin hawa, nawa ne naka in an ci, wa zai biya magani in ka faɗi, a gaban shaida.