Kuɗin ƙungiyar ɗalibai a Amurka: ku yi lissafi da dala

'Yan'uwa masu 'ya'ya a jami'o'in Amurka, in yaro ya ce zai shiga ƙungiyoyin nan masu sunayen haruffan Girka, na maza ko na mata, ku nemi lissafin shekara guda a rubuce. Da dala ake biya kowane zango, na farkon ya fi nauyi saboda kuɗin shiga.

Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a banki, farkon 2024 ta kai 1,500. Ko da kuɗin ƙungiya bai motsa ba, aljihun uba ya ji a jikinsa.

In da hali, ku sayi dalar shekarar gaba ɗaya ku ajiye a asusun dala. In babu, yaron ya roƙi ma'aji biya kashi-kashi.